Famfon da Ɓarawo Ba Ya So

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin tashar Kibiya ya san Uzairu Injiniya. In bai ga fuskarsa ba, to ya ji muryarsa, don tun daga kwanar shiga gari ake jiyo ta. Sunan Injiniya kuwa ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka karɓa.

Asalin abin, wata shekara ya tafi ci-rani Kano, ya sami aikin lodi a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, yana ɗora bahuna da bokitai a mota. Ko damina bai kai ba aka sallame shi, saboda an kama shi ya bar lodi yana koya wa mai kula da inji yadda ake kula da inji. Tun da ya dawo gida babu abin da ya gagare shi, a baki. In jirgin sama ya wuce sai ya ɗaga kai ya kasa kunne, ya ce, "Wannan direban bai sa giya daidai ba." Matarsa Asibi ce ke riƙe da gidan da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi kuma yana riƙe da hira.

Mutum ɗaya ne a garin bai taɓa kiran sa Injiniya ba, shi ne surukinsa Alhaji Ramalan dillalin albasa, mahaifin Asibi. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Uzairu tuwo a ƙwarya. Alhaji ne ya haƙa burtsatse a bakin kasuwa, daf da kara inda ake cinikin dabbobi, ya ɗora tanki a sama, ya jera kawunan famfo shida na tagulla a jikin bango, sadaka, kowa ya ɗiba. Sai ɓarayi suka sa wa famfunan ido. A saka yau, a wayi gari an kwance an kai wa 'yan gwangwan. Alhaji ya sake saye, aka sake kwancewa.

Ran nan Uzairu ya je gaisuwa, ya tarar da Alhaji a zaure yana jujjuya wani tsohon kan famfo da ya karye, yana magana shi kaɗai. "Ni na gaji. Rufe tankin nan zan yi, kowa ya koma rijiya."

Uzairu yana durƙushe, gaisuwar ma bai ƙarasa ba, ya ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne."

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau.

"Ɓarawo tagulla yake bi, Baba. A yi famfo na roba, marar nauyi kamar audugar rimi, mai araha kamar gaisuwa. Ko a tsakiyar titi aka yar da shi, ɓarawo ba zai ɓata lokacinsa ya sunkuya ba."

"Ai akwai na roba a kasuwar Rano," in ji Alhaji. "Gobe ma sai in aika."

"Waɗancan?" Uzairu ya yi dariyar tausayi. "Aikin 'yan koyo ne. Na san inda ake yin su, na san mai yin su, ni na gyara masa hannu. Ku bar mini, Baba. Zan ƙera muku famfon da ba a taɓa gani ba daga nan har Legas, ba kuma za ku kashe ko sisi ba."

Alhaji ya miƙa masa karyayyen famfon ya ce, "To. Na ba ka zuwa kasuwa ta sama. In famfo ya yi, da bakina zan kira ka da sunan nan naka a gaban jama'a. In bai yi ba, gonata ta Durba tana neman mai ban-ruwan albasa. Tunda dai ruwa kake so."

Duk duniya babu abin da Uzairu ya tsana kamar sunkuyo a gona. Amma ya bugi ƙirji ya ce ya yarda, ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Washegari Asibi ta tafi barka. Kafin ta kai bakin layi Uzairu ya fara tattara kayan aiki. Ya ɗauki butarta, ya ɗauki bahon wanki, ya haɗa da wani bokiti da hannunsa ya cire. Ya zaga unguwa ya tsinto silifas duk wanda ya gani a yashe, har da wanda bai tabbata a yashe yake ba. Ya daddatse su da adda, ya zuba a tukunyar tuwo, ya hura wuta da kara. Can gefe ya kwaɓa yumɓu, ya danna karyayyen famfon Alhaji a ciki ya fitar da siffarsa, don a nan zai zuba narkakkiyar robar.

Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, mai wari kamar an ƙona taya a cikin hanci. Kaji suka tsere. Maƙwabciyarsu Iya Jumai mai kunu ta leƙo ta kan katanga, ba ta ga komai ba sai duhu, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Gobara! Jama'a gobara gidan Asibi!"

Kafin Uzairu ya buɗe baki, ruwa ya fara sauka ta kan katanga. Wannan bokiti, wannan ƙwarya, wani ma ruwan wanke-wanke ya samu ya watso har da ragowar tsaki. Maza suka banko ƙofa suka shigo, suka tarar da shi a tsugune jiƙe sharkaf, ya rungume tukunya da buhu yana kare ta.

"Kun kashe ni! Kun ɓata mini gwaji! Wa ya ce muku gobara ce? Kimiyya ce!"

A cikin masu kawo ɗauki har da Ƙasimu mai faci, taubashinsa, wanda ya shigo yana ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya. Ya leƙa tukunyar, ya ga wata shuɗiyar igiyar silifa ta miƙe a tsakiya tana narkewa. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi tukunya.

"Kai Uzairu, wancan ba takalmina ba ne?"

"A ƙofar shagonka na gan shi a yashe."

"Alwala nake yi, ɗan nema!"

"To ka gode Allah. Takalminka ya shiga tarihi. Da yana nan, faci kawai zai yi ta kallo."

Da Asibi ta dawo ta ga tukunyarta, sai da ta zagaya ta, ta sake zagayawa. Sannan ta ce, "Malam, ina butata?"

"Tana ciki."

"Bahon fa?"

"Suna tare."

"To yau sai ka ci kimiyya da miyar kuka," ta shige ɗaki ta ja labule.

Wannan bai karya wa Uzairu gwiwa ba. Ya sake hura wuta, a bayan gari wannan karon, ya zuba robar a yumɓu, ya bari ta huce, ya fasa. Sai ga famfo ya fito, launinsa ba a cewa shuɗi ba a cewa ja, amma dai siffar famfo ce. Ya goge shi da hular kansa, ya nufi teburin mai shayi, ya dire shi a tsakanin gwangwanayen madara.

"Ku kalla da kyau. Nan gaba sai a talabijin."

Aka yi ta karɓa hannu-hannu ana jinjina rashin nauyinsa. Da ya zo hannun Ƙasimu, sai ya kafa baki a gindin famfon ya hura. Kumatunsa suka kumbura, idonsa ya fito, iska ba ta wuce ba. Ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa.

"Injiniya, ta ina ruwan zai bi?"

Sai a lokacin Uzairu ya tuna famfo yana da rami a ciki. Amma bakinsa ya riga tunaninsa.

"Wannan samfurin na tsimin ruwa ne."

"Ai kuwa ya iya tsimi," in ji Ƙasimu. "Har tashin ƙiyama ɗigo ba zai ɓata ba. A kai wa Alhaji haka nan, ko tankin ma ba sai an cika ba."

Mai shayi ya yi dariya har ya zuba wa wani sukari a cikin ƙwai. Uzairu ya fizge kayansa ya ce jahilci ciwo ne, ya tafi.

Ya koma ya gyara. Ya sa kara a tsakiyar yumɓun don rami ya fito, ya ƙona ƙusa ya huda sama, ya yi masa abin murɗawa, ya yanko tsohon tub na taya ya naɗa don kada ya yi yoyo. Da ya hura ya ji iska ta wuce, ya murɗa ya ji ta tsaya, sai da ya yi rawa shi kaɗai a bayan gari. Saura gwaji. Asibi ta riga ta kulle duk wani abu mai riƙe ruwa a ɗakinta, don haka ya sallama wa Iya Jumai.

"Iya, na zo neman gafara ne kan hayaƙin ran nan, na kuma zo da alheri. Har yaushe za ki yi ta fama da ludayi, kafaɗa tana ciwo? In saka miki famfo a jikin robar kununki. Mai saye ya miƙo kofi, ki murɗa, shi ke nan. Ke ce ta farko a ƙasar Kano."

Iya ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, ba na son rigima."

"Kyauta ne, Iya."

Kalmar kyauta ita ta ci Iya. Ya huda babbar robar kununta daga ƙasa, ya ɗaura famfo. Da safe ta fito bakin titi ta dire ta a kan benci, cike da kunun tsamiya yana tururi. Uzairu na tsaye a gefe ya harɗe hannu. Mai saye na farko ya miƙo kofi, Iya ta murɗa, kunu ya zubo sumul, ta murɗa ya tsaya cak. Mutane suka ce, "Kai! Ikon Allah!" 'Yan acaɓa suka fara tsayawa kallo. Iya har da gyara ɗaurin kallabi.

Ana cikin haka famfon ya fara sunkuyar da kai. Ya yi laushi, ya yi tsawo, ya zazzago yana lilo kamar hancin talotalo. Iya ta kai hannu ta murɗa, abin murɗawar ya biyo hannunta kamar alewa. Sai ji aka yi fut, gaba ɗayansa ya fice, kunu ya yi tsiri ya nufi ƙafafun masu layi. Aka watse ana tsalle ana salati.

"Iya, ki tsaya ki ji, laifin kunun ne! Ya cika zafi!"

"Kunu mai sanyi ka taɓa gani ana sayarwa da safe, ɗan banza mai bakin ganga?" Ta zari ludayin da aka ce ta huta da shi, ta bi shi. Tsohuwa ce, amma sai da ta raka shi har bayan masallaci, ta kuma same shi a ƙeya kafin ya sha kwana.

A ƙarƙashin wata tsamiya ya zauna yana shafa ƙeya yana nazari. Bai ga kuskurensa ba ko kaɗan. Abin da ya gano shi ne roba zalla ba ta da ƙashi. Magina ma ai sai sun zuba ciyawa a ƙasar gini take yin ƙarfi. Ga shi kuma roba ta yi masa wuya, don yanzu in ya shigo layi mata har rige-rigen kwashe bokitai suke, masu alwala kuwa suna riƙe takalmansu a hammata. Abin da ya rage masa ba zai yi famfo shida ba, kasuwa kuma ta matso.

Yana shiga gida idonsa ya faɗa kan tunkuzar Asibi, wato dunƙulen gyaɗar da aka matse mai, wanda take murzawa ta soya ƙuli-ƙuli. Gefe ga buhun dusa. Uzairu ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa sama kamar mai shirin kiran salla.

"Abin nema ya samu!"

Ya faki idonta ya ɗebi tunkuza, ya ɗebi dusa, ya haɗa da ɗan gishiri da kanwa, wai don kada ya ruɓe. Ya narka 'yar robar da ta rage, ya juye su ciki, ya tuƙa kamar tuwo. Ya shafe yumɓun da man gyaɗa don kada ya kama. Famfunan da suka fito, kai, ko shi sai da ya yi mamaki. Launin zinariya, ga sheƙi, ga ƙarfi in an ƙwanƙwasa, nauyi kuwa babu. Ya yi shida, ya ƙara wasu na ajiya.

Asibi ta ɗauki ɗaya ta shinshina. "Malam, wannan famfo ne ko ƙosai?"

"Sirrin kamfani ne."

"Sirrin kamfani da ƙanshin tunkuzata? Wallahi in ka kunyata ni a gaban Baba..."

"Ke dai ki tanadi guɗa."

Da ya saɓa buhun zai fita, akuyar gidan ta biyo shi har zaure tana cusa hanci. Ya ture ta da ƙafa yana murmushi, ya ce, "Ko dabba ta san abu mai kyau."

Ranar kasuwa tun da sanyin safiya ya ɗaura famfunan shida a jere. Aka kunna inji, tanki ya cika har yana tumbatsa. Ya ari hular kwano wurin wani ɗan acaɓa ya kifa, ya cika aljihun wandonsa da famfunan ajiya, ya kuma ari lasifikar wani mai maganin basir ya rataya a wuya. Kafin hantsi ya tara jama'a kamar ana rabon taki. Masu tumatir da tattasai da mai gishiri da suka baza kaya a gaban tankin suna ta mita an tare musu ciniki. Ƙasimu ya rufe shagon faci ya zo ya sami dutse a gaba ya zauna, ya ce ko nawa zai yi asara yau ba zai bari a ba shi labari ba. Iya Jumai ma ta zo, da ludayinta.

Can sai ga Alhaji Ramalan cikin farar babbar riga sabuwa, tare da abokansa dillalai daga Rano da Zinyau. Uzairu ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙe ya kafa baki a lasifika.

"Jama'ar Kibiya! Yau ƙarshen wahala ya zo! Baba, bisimilla, ku buɗe da hannunku mai albarka."

Alhaji ya tattare hannun riga, ya yi bisimilla, ya murɗa na farko. Ruwa ya zubo garau. Ya rufe, ya tsaya, ko ɗigo. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Kasuwa ta ɗauki kabbara. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ƙasimu ya saki baki. Alhaji ya gyaɗa kai, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi gyaran murya.

"To, alhamdulillahi. Gani ya kori ji. Wannan yaro, Uzairu, ashe dai In..."

Da Uzairu ya yi shiru na numfashi ɗaya, da shi ke nan. Amma daɗi ya riga ya hau masa ka.

"Baba, ku dakata, ban gama bayani ba! Jama'a, wannan famfo ba ya tsatsa, ba ya nauyi, ba ya tsada! Daga nan sai Rano, sai Rurum, sai Kano, sai Makka in an nema! Kuma ina ɓarayin suke? Na san kuna cikin taron nan! Ku fito ku ɗauka! Na ce ku fito! Babu mahalukin da zai kalli famfon nan ya yi sha'awar..."

A daidai lokacin wani Bafulatani mai suna Amiru yake ratsowa da garken awakinsa zai shiga kara. A gaban garken akwai wani jibgegen bunsuru mai gemu. Bunsurun ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya murɗe leɓe. Sai ya yi wani kuka ya fizge igiya, ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane, garke duk ya rufa masa baya.

Kafin a ce kwabo ya kafa haƙora a famfo na farko. Ƙarar da aka ji irin ta mai cin ƙuli ce, ƙurus. Ruwa ya yi tsalle ya daki Alhaji a ƙirji, hularsa ta tashi sama. Wata jar akuya ta kama na biyu, 'ya'yanta suka rataya a na uku. Awakin da ke ɗaure a kara suka ji ƙanshi suka fara tsinke igiyoyi, har da wani rago da ake tsakiyar cinikinsa, ya ja dillali da mai saye suka zo tare.

"Kai! Has! Ku bari! Dukiyar al'umma ce!" Uzairu yake ihu, ya manta lasifika a kunne take, har masu awo a ƙarshen kasuwa suna jin sa.

Ya yi tsalle ya toshe rami ɗaya da babban yatsan dama, ɗaya da na hagu. Ya ɗaga ƙafa ya danne na uku da diddige. Ya tura kai ya tare na huɗu da hular kwano, ruwan ya fantsama ta ko'ina kamar lema. Sauran biyun suka ci gaba da aikinsu. Tumatir da tattasai suka hau ruwa suka kama hanyar tasha. Mai gishiri ya tsaya yana kallon tulin kayansa yana ƙanƙancewa, yana ta faɗin innalillahi. Dillalan Rano suka tattare riguna suka haye buhunan albasa.

"Ƙasimu! Ƙasimu, zo ka toshe ɗaya!"

Ƙasimu yana kwance a ƙasa yana riƙe da ciki. Da ƙyar ya iya cewa, "Ka kawo na tsimin ruwan nan mana! Yau ranarsa ce!"

Bunsuru ya gama da na bango, ya lashe baki, ya waiwayo. Ƙanshi na fitowa daga aljihun Uzairu. Ya matso a natse ya cusa kai. Uzairu ga hannu biyu a rami, ga ƙafa ɗaya a sama, babu abin kora sai baki.

"Tafi! Don girman Allah tafi! Wa ke da bunsurun nan?"

Bunsuru ya cinye na aljihun dama, ya zagaya ya cinye na hagu. Sannan ya ga bakin tazuge yana lilo, wanda Uzairu ya sha goge hannun man gyaɗa a jiki. Ya kama ya ja.

Uzairu ya ji wando ya saki. Ya dubi ramukan da ya toshe, ya dubi surukinsa da ke tsaye gabansa yana ɗigar ruwa, ya dubi matan kasuwa. Bai taɓa yanke shawara da sauri irin ta ranar ba. Ya saki famfo ya cafke wando da hannu biyu. Ruwan da ya tare ya taso gaba ɗaya ya kwashe ƙafarsa ɗayar da ta rage, ya zauna daɓas a cikin caɓi, lasifika ta yi wani ƙara ta mutu.

Haka aka tsaya ana kallo har tanki ya tsiyaye. Da ruwa ya ɗauke, kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai tauna.

Alhaji Ramalan ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya matse ta, ya matse gefen riga. Ya tako har inda Uzairu yake zaune, ya dube shi ta saman tabarau da suka yi raɓa.

"Gaskiyarka," ya ce a hankali. "Ɓarawo ko ɗaya bai taɓa ba."

Dariyar da aka tuntsire da ita sai da ta tayar da tattabarun kan rumfuna. Iya Jumai ta dubi ludayinta ta mayar cikin zane, ta ce wannan ya wuce duka, Allah ya riga ya saka mata. Alhaji ya juya ga ɗaya daga cikin abokansa ya ce in ya koma Rano ya aiko masa da na roba guda shida, na 'yan koyon. Ya ce wa masu tumatir da mai gishiri su same shi a rumfa ya biya su asararsu. Sannan ya waiwayo wurin Uzairu.

"Gobe da sassafe motar albasa za ta tafi Durba. Ka zo da wando mai ƙwari."

Jama'a suka fara watsewa, kowa yana maimaita wa ɗan'uwansa abin da shi ma ya gani da idonsa. Uzairu yana nan zaune cikin caɓi, hular kwano ta karkace, hannu riƙe da ƙugu.

Sai ga inuwa a kansa. Amiru ne mai awaki, ya rataya sanda a kafaɗa, yana jan bunsurunsa da ke ta waiwaye. Uzairu ya runtse ido yana jiran masifa.

"Sannu, Malam," in ji Amiru cikin ladabi, ya tsuguna. "Kai ne mai abin nan?"

"Ni ne," ya amsa da ƙaramar murya.

"Wallahi bunsurun nan tun kaka ba ya cin abinci. Na ba shi harawa ya ƙi, na ba shi dusa ya kau da kai, shi ya sa na kawo shi in rabu da shi. Yau ka ga yadda ya ci? Na fasa sayarwa. In kana yin abin nan da yawa, ina so, mutanen rugarmu ma za su so. Sai dai ka cire robar, ita ce ba ta da amfani a ciki."

Uzairu ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu. A hankali ya miƙe, ya ɗaure ragowar tazugensa, ya daidaita hular kwano, ya leƙa ya tabbata Ƙasimu da sauran 'yan kallo suna ji. Ya yi gyaran murya.

"Ai ka ga matsalar garin nan ke nan, ba sa bari mutum ya gama bayani. Dama can inda na dosa ke nan." Ya dafa kafaɗar Amiru. "Na awaki kake so ko na raguna? Don kowanne da irin ƙirarsa."